Jam ɗin Rumaisa Ya Ƙi Kamawa

Lahadi da dare, ƙarshen Agusta

Barci ya ƙi zuwa. Na tashi na sake karkata kwalbar nan, jam ɗin yana nan tsululu kamar kunun tsamiya, maimakon ya yi kaurin da za a shafa wa burodi.

Jiya da sassafe muka bar unguwarmu ta Parkchester zuwa lambun 'ya'yan itacen pich, ni da Rumaisa da babanta. Shi da ganin bishiya sai ya hau neman sanda zai kaɗo kamar mangwaro. Rumaisa ta riƙe masa hannu: "Haba Baba, murɗawa ake yi a hankali!" Da Hausa ta faɗa, ba Turancin da ta saba amsa mana da shi ba. Na ji daɗi har raina.

Yau na ɗora tukunya. Ta ce kada in zuba ruwa, pich da sukari da lemon tsami sun isa. Ni da nake girki tun ba a haife ta ba? Da na ga ya fara kauri, sai na tsuga ruwa na rufe, kamar miya.

Ranar Juma'a za ta tafi jami'a, can nesa. So nake ta buɗe kwalba a ɗakin da ban sani ba, ta ji ƙanshin gidanmu.

Ɗazu ta ɗanɗana ta ce, "Umma, bar shi haka, da cokali zan riƙa sha." Na juya ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Jam dai gobe wuta za ta gyara shi. Juma'ar ce ban san yadda zan yi da ita ba.