Ƙoƙon Gamaliel

Lahadi, 7 ga Yuli, 2024

Bayan an tashi daga coci Keziya, 'yar Yayana, ta same ni a gindin mangwaro ta durƙusa. Tun rasuwar Yaya da na ɗauke ta na riƙe, ba ta taɓa durƙusa mini ba sai ranar da ta fasa rediyo. Ta ce akwai wanda zai turo iyayensa. Monday sunansa, yana gyaran firji a Abuja. Na ce ɗan gidan wa? Ta sunkuyar da kai. "Ɗan Baba Gamaliel ne, na Panda."

Na ce Allah ya sa alheri. Muryata ba ta yi rawa ba, na lura.

Gamaliel. Ashe Allah bai manta ba.

Talata, 9 ga Yuli

Bari in rubuta shi filla-filla, kada zuciya ta ƙara gishiri.

Kusan shekara ashirin ke nan na nemi auren ƙanwarsa. Mama ta kwana tana dafa burkutu, Baba ya ɗauko tulun da kansa har Panda. A danginmu ba a buɗe maganar aure sai an buɗe abin sha. Babban masu nema ya shanye ƙoƙo guda cike a gaban kowa, don a ga babu cuta a ciki, sannan waliyyin yarinya ya ɗanɗana. In ya haɗiye, an karɓa. In ya tofar, kowa ya kama hanya.

Baba ya shanye nasa. Gamaliel ya kurɓa, ya kurkure baki kamar mai wanke haƙori, ya tofar a kan takalmin Baba. "Ko akuya aka bai wa wannan sai ta yi ƙara wurin mai unguwa." Aka yi dariya. Baba bai goge takalmin ba har muka iso gida. Bai sake zama a taron dangi ba har ya koma ga Allah.

Yanzu ni ne waliyyi. Ƙoƙon nan yana cikin akwatina.

Alhamis, 11 ga Yuli

Talatu ta ce, "Maigida, da bai tofar ba da wa zai aure ni?" Tana dariya tana tankaɗe gari. Ban yi dariya ba. Wai Keziya ba ta san komai a kai ba, ita lokacin tana goye. Na sani. Ba da ita nake ba.

Ko da ita nake? Ban sani ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Monday ya zo gaisuwa. Dogo, mai ladabi, abin haushi. Ya tube takalmi tun daga bakin ƙofa. Kafin ya tafi ya leƙa bayan firjinmu da ya daɗe yana kuka kamar kwaɗo, ya taɓa wani abu, kukan ya tsaya. Ban gode ba.

Ya ce ba burkutu za su kawo ba. "Baba, ta Turawa ce, bodka, wadda ake yi da alkama zalla. Babu irinta a Keffi sai a otal ɗinku." Da alfahari ya faɗa. Na san kwalbar, ni nake shigo da ita sito, doguwa mai fari-fari kamar an yi mata hoda. Kuɗin guda ɗaya ya sayi buhun masara har da canji.

Wato ɗan Gamaliel zai rufe mini baki da tsada.

Litinin, 15 ga Yuli

Ba zan tofar da abin da ban sani ba, kada a ce ƙauyanci ne. Da rana, babu baƙi, na roƙi mai kula da mashaya ya zuba mini ɗan murfi daga ragowar wata kwalba. Na zauna a sito na bi ta a hankali.

Ido: ruwa. Ruwan rijiya ma ya fi ta launi.

Hanci: da farko warin allurar asibiti, sai ya wuce, sai wani ƙamshi can ƙasa kamar burodin da aka fito da shi yanzu.

Harshe: nan ta ba ni kunya. Na shirya ta kankare mini maƙogwaro kamar ogogoro. Ina! Sulɓi, kamar an shafa mata mai. Ɗan zaƙi kaɗan, irin wanda alkaki ke bari a baki bayan an haɗiye. Sai da ta sauka ƙirji na ji ɗumi ya bazu kamar an ɗora mini tsumma mai zafi.

Na nemi aibu, ban samu ba. Mai mashaya ya ce ai darajarta ke nan, mai kyau ba ta yi maka gardama a baki. To wannan ba ta yi ba. Ko harshena ne na talaka, komai mai tsada ya ba shi tsoro?

Da na miƙe sai na ji ƙafata ta yi nisa da ni. Murfi ɗaya!

Laraba, 17 ga Yuli

Na samu. Ba sai na tofar ba.

Murfi ɗaya ya juya mini sito. Ƙoƙon Baba yana cin murfi sama da goma. Su can Panda burkutu suka sani, ba wanda ya yi tunanin wannan ba a shan ta da ƙoƙo. Kuma al'ada ta ce babban masu nema ya shanye cike. Gamaliel yanzu dattijon coci ne, an ce ya bar sha tuntuni, ga hawan jini.

In ya ƙi sha, shi ya karya al'ada, ba ni ba. Su kwashi kwalbarsu. In ya sha, sai an ɗauke shi ranga-ranga a gaban 'yan cocinsu. Ko ta ina ni hannuna fes.

Na fito da ƙoƙon na wanke na shanya a kan katanga.

Jumma'a, 19 ga Yuli

Keziya ta ga ƙoƙon. Ta yi kitso, ta share tsakar gida sau biyu, shara ɗaya ma babu. Da la'asar ta kawo mini ruwa ta tsaya. "Baba, in ba ka so, ka faɗa mini ni kaɗai. Kada a gaban mutane." Na ce wa ya ce ba na so?

Talatu ba ta yi mini magana ba tun safe.

Asabar, 20 ga Yuli

Sun iso da hantsi, bayan an ɗauke ruwa. Ban gane shi ba da farko. Mutumin da nake gani a raina ƙato ne mai ƙeya uku. Wanda Monday ya riƙo daga mota ya shanye, baki ya ɗan karkace, ƙafa ɗaya jan ta yake. Ba wanda ya gaya mini hawan jinin ya taɓa kayar da shi.

Aka gaisa. Monday ya ɗora kwalbar a tabarma tana naso don sanyi, ga ƙananan kofuna ya jera. Na ture kofunan, na ajiye ƙoƙo. Na ce gidan nan da na iyaye muke sha. Na tsiyaya har baki. Fuskar yaron ta canza. "Baba, wannan ba a..." Wani kawunsa ya daka masa tsawa, wai yaro ba ya koya wa manya shan ruwa.

Gamaliel ya dubi ƙoƙon ya daɗe. Ya gane shi, akwai ɗinkin zare a gefe inda ya taɓa tsagewa. Ya ɗago ya dube ni. Na jira ya ce likita, ya ce coci. Bai ce ba. "Malachi, miƙo. Babanka ya shanye nasa."

Ya karɓa da hannu biyu, bodkar tana zuba a babbar rigarsa. Ya kai baki. Daga bayan labule na ji numfashin Keziya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga ƙoƙon a hannuna. Na ce, "Yaya Gamaliel, ka yi gaggawa. Akwai wanda ya girme ka a gidan nan." Na fita tsakar gida na tuntsurar da ita duka a ƙasa, na kira sunan Baba. Ƙasa jiƙaƙƙiya ta shanye. Kawun nan ya dafe kai, "Kai! Ta Abuja ce fa!"

Ɗan abin da ya rage a gindin ƙoƙo na miƙa wa Gamaliel, bai fi ya jiƙa leɓe ba. Na zuba nawa. Kowa ya zuba mini ido. Na riƙe ta a baki, na juya, na dubi takalminsa, baƙi ne an goge shi da kyau, yana dab da ni.

Ta fi ta ranar Litinin daɗi, saboda sanyin. Na haɗiye.

Suka ce yaya? Na ce burkutun Mama ya fi ta jiki, amma ba laifi. Mata suka rangaɗa guɗa.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na zubar masa da rabin buhun masara a ƙasa yana kallo. Ramuwa ce wannan. Ramuwa ce mana.

Laraba, 24 ga Yuli

Gamaliel bai ba da haƙuri ba, a rubuta. Da za su shiga mota dai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Tulun nan da babanka ya ɗauko da nauyi. Na ga lokacin da ya sauke shi." Shi ke nan.

Ragowar kwalbar tana firji, wanda har yau bai sake kuka ba. Na sake ɗanɗanawa jiya don tabbatarwa. Mai kyau ce. Ba ta kai kuɗinta ba, amma mai kyau ce.

Keziya ta ce gobe za a kawo Gamaliel asibiti awon jini, Monday kuma yana wurin aiki, ba mai kama shi ya hau matakala. Na ce ni ina ruwana.

Asibitin dai a kan hanyata yake. Na ce wa manaja zan ɗan makara.