Fatihar Waɗanda Ba Su Da Kabari

Kambarawa, Katsina.
Sha'aban, 1978.

Zuwa ga ƙanena Isiyaku, a Jidda.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina lafiya, ina gajiya, yaya Hauwa'u da yara, yaya zaman baƙunci? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwa. Usman na bakin gidan waya ke rubuta mani, na kuwa gargaɗe shi kada ya gyara mani magana.

Saƙonka ya iso, wai in sayar da gida in biyo ka, in mutu kusa da Ka'aba. Na gode. Kai ka kwashe ɗiyanka shekarar da yaƙin basasa ya tashi, ka ce ba ka haifa don bindigar gwamnati ba. Yau duk suna raye. Ni na zauna, Garbana ya shiga soja, kogin Kwara ya ci shi wajen ƙetarawa Anacha. Ban ce ka yi daidai ba, kada ka ɗauka na ce.

Ba ka nan muka fara wata al'ada bayan yaƙin. Kowace Juma'a in an sallame Asuba, ni ladan nakan tashi in kira sunayen yaran unguwarmu bakwai da ba a ga gawarsu ba, a yi masu Fatiha. Ba wanka, ba likkafani, ba tudun ƙasar da uba zai nuna. Abin da ya rage masu ke nan.

To Alhaji Mamman ɗan kwangila ya rushe masallacinmu na ƙasa, ya gina na siminti har da lasifika, ya kawo sabon limami, yaro sa'an Garba. Shi ne ya ce kiran nan bidi'a ne, kuma yaƙin ba jihadi ba ne, faɗan mulki ne. Na ce mashi, Malam, na fi ka sani. Ina tsaye aka kaɗa masu ganga a bakin kasuwa, aka loda su a mota kamar buhunan gyaɗa. Amma Musulmi ne, sun mutu, kuma man fetur ɗin da ya saya maka lasifika a kan ƙasusuwansu aka haƙo shi. Aka ce in yi shiru, cikin masallaci nike.

Ka gaida mutanen gida.
Yayanka, Babaji Ladan.

Shawwal.

Isiyaku,

Gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya. Allah Ya maimaita mana.

An raba ni da ladanci. Juma'ar farko ta azumi na gama kiran sallah, abin magana na hannuna, sai na kira sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, har Babbar Kasuwa an ji. Washegari aka kai ni gaban mai unguwa. Ya ce, Babaji, zamani riga ne, ka ba Malam haƙuri a wuce wurin. Na ce, ranka ya daɗe, a kawo mani ayar da ta hana, in tuba nan take. Malam ya yi ta jawo Larabci, ban ji sunan Garba ciki ba.

Abin da ya ƙona mani rai dattawan unguwa ne. A zaure kowa cewa yake gaskiyarka Babaji, a gaban Alhaji kuwa sai jan carbi, kamar an ɗinke masu baki.

Ka ce can ma baƙo ba ya tanka maganar addini, shi ya sa kuke zaune lafiya. To me zan zo yi? In shiru ne, akwai shi nan kyauta, ba sai na hau jirgi ba.

Yanzu ƙofar gidana nike shimfiɗa buzu in kira su.

Yayanka, Babaji.

Zulƙida.

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida Hauwa'u. Wani maniyyaci zai kawo maka wannan.

Ka tuna Mero, matar marigayi Ɗanjuma maƙeri? Tallenta na cikin bakwai ɗin. Ta zo mani ran Laraba, ta durƙusa, ta kasa duban fuskata. Ɗanta guda da ya rage direban tifar Alhaji ne, an kuwa raɗa mashi cewa gidan da ake jin sunansa bakin Babaji ba ya cin abincin Alhaji. Ta ce, Baba, don Allah ka cire mani Talle, mai rai nike ji. Na yi gardama da limami, na yi da mai unguwa, amma me zan ce wa uwa? Na ce ta tashi, na cire.

Jiya Juma'a na zauna bisa buzuna, ba kowa sai awakin maƙwabta. Na kira Garba, na kira na biyu da na uku. Da na zo gurbin Talle sai na yi shiru gwargwadon faɗin suna, ban faɗa ba, alkawari ne. Daga bayan katanga na ji muryar mace ta ce amin, a hankali, kamar mai sata.

Kada ka sake aiko mani maganar tafiya. Ina nan.

Yayanka, Babaji.