Fifitar Aji Huɗu

Zuwa ga Malama Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗaliba ga malamarta, ni ce Hadiza, wadda kika koyar a aji huɗu a Bungudu, shekara biyu da samun jihar Zamfara. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba, don sai bara na ji kin riga mu gidan gaskiya a Tsafe. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai.

Kin tuna ranar da muka dawo daga hutun damina? Ana tsakar lissafi kika ajiye alli kika ce, "Ku miƙe, jikinku bai dawo daga gona ba tukuna." Kowa zai nuna da jikinsa aikin da ya yi a hutu, aji duka su kwaikwaye shi.

Sani ɗan ƙauyen Karakkai ya duƙa yana noma, muka duƙa, har wandon wani ya yi ƙara. Balaraba ta yi daka har da tafi, maza suna ta kamun taɓaryar da babu ita. 'Ya'yan ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, masu ƙyamar haɗa benci da mu, sai ga su suna jan guga suna haki.

Ni kuwa cikin hutun nan Inna ta rasu. Tun safe ba wanda ya zauna kusa da ni. Ba ƙiyayya ba ce, ba su san me za su ce mini ba ne. Na riga na ƙudura a raina daga yau ni da makaranta mun rabu.

Layi ya zo kaina. Ban yi noma ba, ban yi kiwo ba. Sati biyar aikina ɗaya ne, zama gefen tabarmar Inna ina yi mata fifita. Sai na ɗaga hannu na fara kaɗawa a hankali, ina jiran dariya.

Ke kika fara ɗaga naki, kowa ya bi. Can sai Balaraba ta juyo da hannunta wajena, tana yi mini fifita. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ita ce kuma ta raka ni gida. Washegari na dawo.

To Malama, kin sani ne? Ba ki taɓa tayar da mu haka ba sai ranar. Daga Gusau kike zuwa a motar safe, wa ya gaya miki? Ko dai hammarmu ce kawai ta ishe ki?

Yanzu ni ma alli nake riƙewa. Duk dawowa daga hutu ina tayar da yarana, idona na kan wanda ya fi kowa jinkirin ɗaga hannu.

Allah Ya jiƙan ki, Malamata, Ya sanyaya makwancinki, ke da Inna.

Taki har kullum,
Hadiza