Abin da Saƙonka Ya Yi wa Akawal

Tambuwal, watan Zulƙida, 1938

Wagga takarda ta fito daga hannun ƙanenka Attahiru zuwa ga wana, madadin ubana, Yaya Maccido, a birnin Kumasi. Sallama irin ta Musulunci da gaisuwa ta ban girma, tare da roƙon Allah shi sa ta iske ka lafiya kai da iyalinka, shi sa albarka ga fataucin goro, shi tsare ka da zazzaɓin kurmi. Mu nan gida sai godiya. Mahaifiyarmu Dada tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce kaɗai ke tashi mata in sanyi ya shigo. Ni'imatu, matar ɗanka Almu, ta sauka lafiya bayan Sallah, an sami ɗiya mace, anka sa mata Asma'u. Gero ya yi kyau bana, dawar gonar hanyar Jabo ce ta ɗan gaza, amma harawa mun ɗaure har bisa rumfa ba sauran wuri.

Bayan haka, Yaya, ka yi haƙuri da abin da za ka ji, don ban zauna rubutun nan da sanyin rai ba. Dokinmu Akawal ya mutu. Ba ciwon sammore ne ya kashe shi ba, ba maciji ba, ba tsufa ba. A filin sukuwa ya mutu, gaban jama'a, da ɗan wani bisa bayansa, kuma saƙonka ne ya kai shi can.

Ka daɗe rabonka da barga, bari in tuna maka yadda anka yi dokin nan ya zama doki. Sa'ad da ka tafi, dukushi ne mai dogayen ƙafafu, ko ragama bai yarda da ita ba. Almu ne ya ɗauke shi kamar ɗan da ya haifa. Da an sallame asuba shina cikin barga, shi kwashe kashi, shi zuba sabon rairayi gindin turke, shi jiƙa gero da ɗan kanwa, kana shi ɗauki lauje shi nufi fadama. Da damina ni da shi muke kwasar hayaƙi muna korar sauro har idanunmu su yi ja. Da yamma shi fita da shi kilisa ta hanyar Dogon Daji, ba ya taɓa sa masa ƙaimi, da harshe kaɗai shika yi masa magana. Bara da dokin ya taka ƙaya kofato ya ruru, ɗanka bai je bukin abokinsa a Kebbe ba, ya tsaya shina gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi har ta sace. Duk wannan wahala don kakar bana ce. Da anka gama girbi anka fara ƙananan sukuwa, ya hau shi a Jabo ya wuce kowa, ya hau shi a Dogon Daji, dawakin Kebbe ma wutsiyarsa kaɗai sunka gani. Saura babbar ta nan Tambuwal, wadda har Bature ke zuwa kallo.

Ana nan sai ga abokin fataucinka Sambo ya sauka tare da ayari, ya zo gida da ƙunshin goronka da zobenka na azurfa a hannu don shaida. Ya ce ka ce, saboda ɗawainiyar da ya yi da kai lokacin da ka kwanta ciwo a hanya, a ba ɗansa Lauwali aron Akawal shi hau ranar babbar sukuwa, sunan gidansu shi fito. Yaya, wanda ya yi jinyarka ya yi muna alheri mu duka, ban musa ba. Da ka ce a ba shi saniya, ko buhunan gero, ko rigar da ke wuyana, da na ba shi ina murna. Amma ka ɗauki guminmu, ka ɗauki ranar ɗanka, ka yi tukuici da su daga nesa, ko tambaya babu. Gaskiyar Hausawa, ido wa ka raina, ya ce wanda nika gani kullum. Na so in ƙi. Dada ta ce bin na gaba bin Allah ne, kada in kunyata ka gaban baƙo. Na gaya wa Almu. Da hannunsa ya ɗaura sirdin, ya ja Lauwali gefe ya roƙe shi abu biyu: kada shi sa ƙaimi, kuma tsere guda kaɗai za shi yi, don dokin ya sha gudu cikin kakar nan, ƙafarsa ta dama tana son hutu. Ni ma na maimaita wa uban, ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar sukuwa fili ya cika, mutanen Fakku da na Kebbe sun taho, makaɗa na ta yi. Tseren farko Akawal ya ci, ba don gwanintar mahayi ba, don ko buhu anka ɗaura masa da ya ci. Sai anka fara yi wa Lauwali kirari, mata na guɗa, kansa ya kumbura. Ina can ina ɗebo ruwan da za a shafe dokin da shi, sai na ji an ce ga Akawal cikin layin dogon tsere, wanda ke zagaya tsamiya shi dawo. Na yar da tulun na sheƙa, amma kafin in keta jama'a an saki tuta. Na hangi Lauwali shina zuba masa ƙaimi, ashe cikin aljihu ya ɓoyo shi. Dokin da bai san ƙarfe a haƙarƙarinsa ba ya ruɗe, ya shiga kwanar tsamiya da gudun da ba a shiga da shi, ƙafar ta karye. Daga inda nika tsaye na ji ƙarar. Lauwali ya mirgina ya tashi shina kakkaɓe riga, ko ƙwarzane bai yi ba. Akawal kuwa ya yi ta yunƙurin tashi, ƙashi a waje, jini na bin cikinsa. Wani Bature mai duba dabbobi ya zo ya duƙa, ya ce da bakin tafinta wagga karaya ba ta ɗoruwa, in mun yarda shi hutar da shi. Na dubi Almu, ya ɗaga kai. Ya cire rawaninsa ya rufe wa dokin ido, ya riƙe kan har anka harba. Ban ga laifin Baturen ba, ya nemi izini, abin da wasu ba su yi ba.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Washegari Sambo ya zo zaure da alkyabbar da anka ba ɗansa ta tseren farko, wai in karɓa a madadin ta'aziyya. Ya ce ƙaddara ce, kowane mai rai mamaci ne, doki kuwa dabba ne. Na ce masa na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta saka ƙaimi cikin aljihu ba, shi ɗauki alkyabbarsa shi lulluɓe kunyarsa in ta ishe shi. Allah shi gafarta mini, na ɗaga murya har maƙwabta sunka leƙo. Amma da na zauna na ga ba shi ne nawa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Sambo baƙo ne, bai taɓa yanka wa dokin nan ciyawa ba. Kai fa? Kai ne Baba ya koya wa ɗaurin sirdi kafin ni, kai ne ka mare ni ranar da na shayar da doki da gumi a jikinsa. Yaya anka yi ka manta?

Almu bai ƙara taka barga ba. Sauran dawakin ni kaɗai ke fama da su, ga gwiwar Dada, ga mai jego. Ya tattara ya koma Fakku wurin Kawu Namadi, ya ce noman rani za shi yi. Bai zage ka ba, bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro bisa ga zagi.

Ga dalilin da ya sa na yi gaggawar rubutu. Kafin Sambo shi fita ya ce ai kun yi magana, dukushin da goɗiyarmu ta haifa wa Akawal da damina, wanda ke Fakku, ka yi masa alkawarinsa in an yaye shi. Ban sani ba ko ka faɗa, ko ƙari ya yi. Ko wanne ne, ga amsata. Tun ina yaro ban taɓa tsallake maganarka ba, yau na tsallake. Na tara Dada da Kawu Namadi da limamin unguwa, na shaida musu dukushin na Almu ne, rabona da ke cikinsa na bar masa. Ko zobe goma ka aiko ba za a kwance shi ba. In kana da magana bisa naka rabon, ka taho da ƙafarka, ka tafi Fakku, ka dubi idon ɗanka ka faɗa masa. Kawu ya ce dukushin ya fara bin Almu har gona, shi kuwa sai shi kawar da kai, amma bai kore shi ba. Wannan ɗan abin da ya rage ke nan, ba zan bari a taɓa shi ba.

Dada na gaishe ka, ta ce in gaya maka ta yi nadamar sa bakinta, ta kuma ce ka zo ka ga jikanyarka kafin damina ta rufe hanya. Ni'imatu da Nana da Atu duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Yaya Hajo da yara, da Abdu in har shina tare da ku, da dukan mutanenmu na zango. Fushina ba ya hana ni yi maka addu'a bayan kowace salla, don jini ba ya wankuwa. Allah shi sada mu da alheri, amin.

Ni ne ƙanenka,
Attahiru.