Jaridar da Ilyas Ya Hana Mu Shimfiɗawa

Zuwa ga ɗan'uwana Ilyas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, in har ta same ka. Ni ne Hamisu Bakano, wanda kuka raba ɗaki da shi a jami'a nan Madina, mai munsharin da ya hana ka barci shekara uku.

Ka tuna ranar farko da muka sayo tamis da ful, wato burodi da dafaffen wake irin na nan, na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa kamar yadda ɗalibai ke yi? Ka fizge ta, ka bi shafi-shafi kana duba ko akwai hoton mutum. Na yi ta dariya, na ce yau na ga mai tsoron takarda. Ashe ban san dawan garin ba.

Sai da muka saba ka buɗe mini ciki. Ka ce lokacin ƙuruciyarka, a ƙasarku ta 'yan gurguzu, gona da kanti da jarida duk na jam'iyya ne, jam'iyyar kuma ta mutum ɗaya ce, shugaban ƙasa. Masallacin ƙauyenku an mai da shi rumbun hatsi. Takalmin makaranta in an raba, sai ku juya ku gode wa hotonsa a bango. Kowane gida akwai ƙyalle na musamman don goge hoton, ba a taɓa komai da shi.

Ni dai son jin ƙwaƙwaf ya hana ni sakat. Na dame ka da tambaya: so ne ko tsoro? Ka ce a lokacin ba ku san cewa abu biyu ne ba. Har yau ina juya wannan magana. Ta yaya mutum ɗan tara bai cika goma ba yake shiga zuciyar yaro har ya ture ubansa? Wa ya fara rataya hoton, kuma shi ya yarda da abin ko maƙwabcinsa yake kallo?

Sannan ka faɗa mini abin da ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Kana ɗan shekara bakwai, malamarku ta tambayi wa ya ga an wulaƙanta hoton shugaba. Ka ɗaga hannu da murnarka, ka ce babanka ya naɗe kifi da jarida mai fuskarsa. An tafa maka a aji. Babanka ya yi shekara huɗu a tsare, ya fito yana zargin maƙwabci, bai san kai ne ba.

Ni na ce ka faɗa masa. Na kawo maka ayoyi, na cika baki da cewa gaskiya dokin ƙarfe ce. Ka tafi hutu da wannan niyya, ba ka dawo ba.

Yanzu ina aiki a filin jirgi, wajen tarbar alhazai. Duk jirgin ƙasarku da ya sauka sai na tsaya ina leƙen fuskoki, har abokan aiki na tsokanata wai ina jiran amarya. Shekara tara ke nan, Ilyas. Wallahi ina kewarka, kuma ina jin tsoro. Da can tsohon naka yana zaune lafiya da ɗansa, ni na tura ka. Ban sani ba ko gyara na yi maka ko ɓarna.

Allah Ya sa ya rungume ka. In kuwa bai yi ba, Allah Ya yafe mini, kai ma ka yafe.

Naka har kullum,
Hamisu, Madina