Gadon Tsallen Mai Kemis

Asabar, 4 ga Mayu

Ni ne maigidan nan, uban kowa, mai yanke hukunci tun daga bakin ƙofa har bayan gida inda ake shanya. Yau na buɗe wannan littafi mai bangon fata da aka ba ni ranar da na yi ritaya, domin rubuta manyan al'amura.

Babban al'amari na farko: maƙwabcinmu mai kemis zai tashi, sabon gidan nasa kuma ba fili. Ya ce ko za mu karɓi gadon tsallen yaransa a sauƙaƙe. Wani ƙaton zoben ƙarfe ne a kan ƙafa shida, an ɗame masa baƙin yadi da sifirin ta ko'ina. Yaro ya hau ya dira, ya cilla shi sama. Jikana Gajere da ƙanwarsa sun fi shekara suna leƙensa ta kafar ƙofa.

Autana, yaron kirki mai koyon walda, wanda gidan nan ba su san darajarsa ba, ya ce a karɓa. Na ga hikima a maganarsa.

Lahadi, 5 ga Mayu

An yi zama a tsakar gida. Surukata, uwar su Gajere, ta ce sam, ko kyauta ne. Tana faɗa tana hararar Auta: "Na katifa bai ishe mu ba?"

Dole in rubuta zancen katifar nan. Bara ne Auta ya jawo tsohuwar katifa ya shimfiɗa a gindin ɗakin ajiya, ya ce wa yara duk wanda ya diro daga kan rufi shi ne soja. Gajere ya diro, ya kuskure katifar. Wuyan hannu ya karye, wata ɗaya da rabi a ɗaure. Tun ranar ba ta sake barin yaran da Auta ba, ko aiken shago ne sai an haɗa su da wani. Ni a nawa binciken laifin katifa ne, ta cika ƙanƙanta.

Amma ƙarar da ƙashin nan ya yi. An ce har yau Auta yana jin ta.

Babban ɗana ya ce "za mu duba," wato sai abin da matarsa ta ce.

Talata, 7 ga Mayu

Wani marar kunya ya sa ƙadangaren roba a kwandon wankin surukata. Tsallen da ta daka ya tabbatar min gidan nan duk 'yan tsalle ne, kayan aiki kawai muka rasa. Ina kan bincike.

Laraba, 8 ga Mayu

Auta yana wanke hannu a bakin famfo Gajere ya lallaɓo. "Baba Ƙarami, in an kawo, kai za ka koya min juyi a sama?" Kafin a ba shi amsa uwarsa ta ƙwala masa kira daga kicin. Ya ruga, yana riƙe da hannun nan, duk da ya daɗe da warkewa.

Ba daɗi.

Juma'a, 10 ga Mayu

Yaran sun dami uwarsu har ta sassauto. Sharuɗɗa uku: a kewaye shi da raga, a riƙa hawa ɗai-ɗai, sannan wanda ya san ƙarfe ya duba shi tukuna. Ogan su Auta take nufi. Oga ya ce aiki ya sha masa kai, yaronsa ya je, ai kunnensa ya fara buɗewa.

Ta ce, "Wannan? Ko da kara aka haɗa abin zai ce lafiya lau."

Duk aka yi dariya. Auta ma ya yi, har da buga cinya.

Asabar, 11 ga Mayu

Auta ya je gidan mai kemis da 'yar gudumarsa. Shi ya ba ni labari dalla-dalla.

Ogansu ba ya yarda da ido. Kullum cewa yake fenti maƙaryaci ne, ƙarfe sai an tambaye shi da guduma. Ka ƙwanƙwasa kowace mahaɗa ka kasa kunne. Mai lafiya amo take yi, tangaran, kamar an taɓa kofin gilashi. Matacciya kuwa sai ta ce ɗif, ta yi shiru. Kamar dai yadda malaminmu na allo, wato malaminsu, yake gane wanda bai yi tilawa ba tun daga bisimilla.

Ƙafa ta ɗaya, tangaran. Ta biyu, ta uku, har ta biyar. Na fara murmushi. Ya fara, nake nufi. Ta shida, wadda ke kusa da magudanar ruwa: ɗif.

Ya sake bugawa. Ɗif. Ya kankare fentin da ƙusa, sai ga tsatsa tana zuba kamar garin shayi, ga tsagewa siririya kamar gashi ta kusa zagaye bututun. Mai kemis ya riƙe baki, ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi.

Gajere yana ƙofar gida yana jira, babu ko takalmi. "Yaya, Baba Ƙarami? Lafiyarsa lau ko?" Aka ce masa mu shiga ciki tukuna.

Ga yadda abin yake. In an faɗa, surukata ta samu abin da take nema, magana ta mutu. In an yi shiru, a shigo da shi, wata rana da ba kowa a ɗan ɗiga masa wuta a rufe da fenti. Wa zai sani? Zai iya yin shekara bai karye ba.

Zai iya kuma kwana biyu.

Lahadi, 12 ga Mayu

Auta ya faɗi gaskiya. A gaban kowa, ya buɗe takardar da ya ƙunso tsatsar a ciki ya ajiye a kan tabarma. Ya ce ƙafa ɗaya ta mutu, kada a hau.

Surukata ta ce, "To, an huta." Gajere ya fashe da kuka, ya ce wa Auta, "Na ɓata da kai har abada." Ita kuma ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta kalli Auta, irin kallon da ake yi wa baƙo.

Ni maigida na ci gaba da jin rediyona.

Talata, 14 ga Mayu

Har abada ta shiga kwana na uku. Ko gaisuwa babu.

Laraba, 15 ga Mayu

Surukata ta tare Auta da safe yana ɗaura takalmi.

"Auta, ƙafar nan tana gyaruwa?"

"Sai an yanke an sa sabon bututu, Anti."

"Za ka iya?"

"Oga zai—"

"Ban tambaye ka Oga ba."

Ya ce zai iya. Ta ce to ya daina tsayawa yana kallonta kamar an dasa shi, ya makara.

Asabar, 18 ga Mayu

An kai zoben wurin aiki a kura. Yankewa, gogewa, walda sau biyu don ta farko ba ta yi min ba. Sifirin huɗu aka canja. Oga ya zo ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai, ya sake ƙwanƙwasawa. Ya ce, "Ba laifi." Shekara biyu ke nan, ban taɓa jin ya faɗa wa kowa haka ba.

Tartsatsi ya ƙona min riga. Ko a jikina.

Lahadi, 19 ga Mayu

An kafa shi a bayan gida, nesa da katanga, nesa da igiyar shanya. An baje ƙasa, an ɗaura raga. Gajere ya manta da har abada tun da ya ga an sauke ƙafa ta farko.

Bayan azahar Anti ta fito da jaka a kafaɗa. Ta ce, "Zan leƙa kasuwa. Ga yaranka nan." Sai da na waiwaya in ga da wa take. Ba kowa a bayana sai tankin ruwa.

Awa biyu ina tsaye a bakin raga. Ɗai-ɗai, ba takalmi, ba juyi. Yaran maƙwabta suka cika gidan, na jera su a layi. Gajere ya ce, "Baba Ƙarami, ka zama masifaffe wallahi." Ƙanwarsa da ta tashi sama kitsonta ya miƙe, tana ihu tana kiran in kalle ta. Ni ban hau ba. Gwiwata ce ke ɗan ciwo, ba wani abu ba.

Da Anti ta dawo ba ta duba hannun kowa ba. Ta wuce kicin abinta.

To, ya isa haka. Baba bai taɓa ɗiga ko ɗigo a littafin nan ba, daga ƙarƙashin rediyonsa na zare shi. Rubutunsa ma kamar na inji, ni kuwa allo kaɗai na yi, bokon a waya na tsinta, ga shi nan duk a karkace. Da na so in ci gaba da zama maigida har shafin ƙarshe, akwai daɗi. Sai dai abin yau ba na son a rubuta shi da bakin wani.

Ni aka bar wa yaran. Ni, Auta.