Kaka Ta Tare a Shagona

Anti Ummakulsum, don Allah ki taimake ni. Daga kan benci a ƙofar shagona nake rubuto miki, domin yanzu haka ba ni da izinin shiga.

Ni saurayi ne, ina sayar da sarƙa da ɗan kunne da awarwaro a Fagge, kusa da Kantin Kwari. Da na kama sabon shago sai na ce ba zan yi irin na kowa ba, farin fenti da fitilu kamar kemis. Al'ada zan yi. Na tsara shi kamar ɗakin amaryar zamanin da: gado mai rumfa, jeren kwalla da tasoshi har sama, tum-tum a ƙasa, kaskon turaren wuta a lungu. Sarƙoƙin kuwa na zuba su a cikin tasoshin. Kayan jeren duk na kakata ne, Kaka Fanta, da ta zo da su daga Borno tun tana amarya. Ta ba ni aro bisa sharaɗin za ta zo ta ga yadda aka jera.

Anti, har yau ba ta gama gani ba. Ranar buɗewa ta hau gadon ta ce katifar ta fi ta gida. Washegari ta zo da buta da darduma. Yanzu har rediyonta yana nan.

Kafin in ankara labari ya zaga cewa an yi jere a Fagge, mata suka fara zuwa ganin ɗaki. Su cire takalmi, su yi guɗa, su yaye mayafi su baje. Ni da shagona sai na yi sallama, a ce in dakata akwai mata. Wata Mercy ta taso takanas daga Sabon Gari sayen ɗan kunne, Kaka ta ce ba a yi wa baƙo maganar kuɗi bai ci komai ba. Ta ci dambu, ta sha zoɓo, barci ya kwashe ta a kan tum-tum, ta farka ta yi godiya ta tafi. Jiya kuma na tarar an kwashe zobba daga wata tasa an zuba gyaɗa.

Shago cike, ciniki babu. In aka ci gaba a haka rufewa zan yi. Amma wallahi na kasa buɗe baki, domin tun rasuwar kakanmu Kaka ba ta ko leƙa ƙofar gida, yanzu kuwa ita ke tashina da safe wai mun makara. Dariyarta har titi ake ji. Ya zan yi?

Mai Shago a Kan Benci, Fagge

Ɗana, na yi dariya har da hawaye, sannan na tausaya maka. Amma laifin matan nan kaɗan ne. Ɗaki ka gina, suka yi abin da ake yi a ɗaki. Wa ka taɓa gani ya shiga ɗakin amarya yana cinikin tasa?

Kai ma kana da gaskiya, kasuwa ka fito, kuma guɗa ba ta biyan kuɗin haya. Don haka ka raba shagon biyu. Gaba ka sa kanta, wato teburin ciniki, da akwatin gilashi mai makulli, da madubi da haske sosai, ka kwashe sarƙoƙi daga tasoshi ka jera su a ciki da farashinsu. Bayan kanta ka sa labule, gado da tum-tum da gyaɗa su koma can. Duk mai zuwa gaida Kaka dole ta bi ta gaban gilashi, shiga da fita, kuma na san idon 'yan uwana mata.

Kada ka yi wannan gyara a bayan idonta. Ka durƙusa ka gaya mata gaskiya, cewa shagon na neman durƙushewa, ka nemi taimakonta. Ka zaɓi sarƙa mafi kyau ka sa mata a wuya kowace safiya, in an tambaya ta nuna musu akwatin gilashi. Mercy kuma ka neme ta, wadda ta ci dambunku ba za ta sayi ɗan kunne a wani wuri ba.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba: mayar da Kaka gida. Ka ce al'ada kake so a shagonka. Tasa da gado kowa zai iya sayowa a kasuwa, kai kuwa mai su ce da kanta ta zo ta zauna maka. Allah ya kawo kasuwa, ya ƙara wa Kaka lafiya. In ka shiga, ka gaishe min da ita, amma ka yi sallama tukuna.

Anti Ummakulsum